Baffa Bai Sha Kome Ba

Ya kai mai karatu, kafin ka shiga labarin nan ina roƙonka ka yi mini abu guda. Rufe idanunka, ka miƙa hannunka gefe, sa'an nan ka kawo ɗan yatsa ka taɓa kan hancinka. Ka taɓa? To, madalla. Yanzu gaya mini, wa ya nuna wa yatsan hanya? Ba ido ba ne, gama a rufe ya ke. Ba kunne ba ne, kuma hannun bai taɓa kome ba sai da ya isa. Tun muna firamare aka koya mana hanyoyi biyar ne mutum ke sanin abu da su, watau gani da ji da sansana da ɗanɗana da taɓawa. Amma ga wata ta shida ta yi maka aiki yanzun nan, ba a kuwa lissafa ta ba. Ni ban san da ita ba sai da ta ɓace wa wani mutum da na ke ƙauna, har na zalunce shi saboda rashin sani. Labarin da zan ba 'yan'uwana ɗalibai ke nan.

Ni mutumin Kajuru ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Kachiya, ya wuce Kujama ya ratse a Kasuwan Magani, ya san irin ƙasarmu. Duwatsu ne manya manya, waɗansu sulɓi kamar an shafe su da mai, waɗansu ɗaya bisa ɗaya kamar da gangan aka ɗora su. Baƙi su kan zo kallon ƙaton gidan nan da wani Bajamushe ya gina bisa dutse cikin shekarun 1980, ka gan su suna hawa suna haki suna dafa ƙasa. Mu kuwa a kan duwatsun muka koyi gudu.

Baffana, wan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara 7, sa'ad da mahaifina ya rasu. Sana'arsa noma da ɗiban zuma. Yana da amya da yawa rataye a kan ɗorawa da kaɗanya a gindin duwatsu, kowa kuwa ya san da dare a ke ɗiban zuma. Na sha bin sa ina riƙe da ƙwarya. Ya kan tuɓe takalmi ya hau itace cikin duhu, ya taka reshen da ba ya gani, hannu ɗaya riƙe da bakin wuta ɗaya cikin amya, ƙudan zuma na harbinsa, bai taɓa zamewa ba. Da kuɗin zuman nan aka saya mini littattafai da rigar makaranta har na gama sakandare. In ladan ba ya nan kuma, Baffa ke kiran salla a masallacin unguwarmu.

Cikin daminar 2017 muka fara ganin wani abu. Baffa ya komo daga gona da silifa ɗaya, aka tambaye shi ina ɗayar, ya duba ƙasa, ya yi mamaki kamar mu. Tafiyarsa ta sake, ya kan ɗaga ƙafa ya buga ta da ƙarfi, idonsa kullum na ƙasa. Ya ce wa Inna, matarsa, ji ya ke kamar a kan auduga ya ke tafiya, da dare kuma tafin ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono. Ya rame, ga yawan shan ruwa, ga yawan fita bayan gida cikin dare. Aka ce sanyi ne, aka sayo ƙwayoyi a wani kyamis, aka jiƙa saiwoyi, ba abin da ya ragu.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, da rana Baffa ya kan yi tafiyarsa ba laifi, amma da magariba ta yi sai ya fara tangaɗi. In ya tsuguna alwala ya zo wanke fuska, da ya runtse ido sai ya karkace, wani lokaci har ya kifar da buta. In aka ɗauke wuta ana cikin sallar lisha, sai ya jingina da na kusa da shi a sahu. To, a bayan gari akwai gidajen da a ke dafa burukutu. Mutane suka haɗa wannan da wancan, suka ce ai magana ta fito: mutum lafiya lau da rana, da dare yana layi, ana kuma ganinsa waje tsakar dare, me ya rage? Ba wanda ya faɗa masa a ido. Sai dai aka daina ce masa ya yi kiran salla, masu zuwa hira ƙofar gidanmu suka ragu.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, gama don shi na ɗauki alƙalami. Ni ma na yarda. Na sha matsawa kusa da shi kamar zan karɓi buta, alhali bakinsa na ke so in sansana. Ban taɓa jin warin kome ba, amma zuciyata ta ce wayo ne irin na manya. Wani dare cikin azumin 2018 mun taso daga asham, hadari ya rufe sama, ina gaba tare da samari 'yan'uwana, sai na ji faɗuwa a baya. Na ji muryar Baffa ya kira sunana sau biyu. Wani cikin samarin ya yi 'yar dariya. Kunya ta kama ni, na ƙara sauri kamar ban ji ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya tashe shi ya rako shi gida. Da safe Baffa bai ce mini kome ba, ni ma ban ce ba. Ƙarshen shekarar na taho wannan kwaleji, kuɗin rajista kuwa shi ya biya.

Ana nan, wata rana cikin 2019 malaminmu na kimiyya ya shigo aji ya ce yau ba rubutu. Ya sa wani ɗalibi ya zauna bisa tebur ƙafafunsa na lilo, ya sari ƙasan ƙoƙon gwiwarsa da gefen hannu, a hankali. Sai ƙafar ta yi tsalle gaba. Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce masa, "Wa ya ce ka harbe ni?" Ɗalibin ya rantse ba shi ya yi ba. Malam ya ce gaskiya ya faɗa, ƙafar ta riga shi sani. Daga nan ya shiga yi mana bayani, ga shi kuwa gwargwadon abin da na fahimta, da abin da na ƙara karantawa daga baya.

Mu Hausawa kalma ɗaya gare mu, jijiya, da ita mu ke kiran hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren nan da ke kai saƙo cikin jiki. Don kada mu ruɗe, ta ukun zan kira ta jijiyar saƙo, ta biyun kuwa agara, ko da ya ke ta bayan diddige aka fi sani da wannan suna.

Cikin kusan kowace tsoka da mu ke motsa gaɓa da ita Allah ya binne waɗansu 'yan rahoto sirara ƙwarai, tsawon kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu ba. Siffarsu kamar mazarin da aka kaɗa wa zare, tsakiya da kauri, baki biyu da tsini. Turawa ma sunan mazari suka ba su. Jijiyar saƙo ta nannaɗe tsakiyar kowane ɗaya. In tsoka ta miƙe sai mazarin ya miƙe tare da ita, ya aika da labari, an ja ni, ga iyakar jan, ga saurinsa. Don kada ya yi sako-sako sa'ad da tsoka ta tsuke, yana da 'yan zarurrukansa na kansa waɗanda a ke ɗamewa, kamar yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata. A inda tsoka ta haɗu da agara kuma akwai wani ɗan rahoto dabam, wanda wani likita mutumin Italiya, Camillo Golgi, ya bayyana wajen 1880. Shi ba ruwansa da tsawo, ƙarfin da tsoka ke ja da shi ya ke aunawa. Yana cikin masu sa ka rarrabe buta cike da buta wofi tun ba ka leƙa ba. Ban da waɗannan akwai na cikin mahaɗar ƙasusuwa, da na fata, musamman tafin ƙafa, masu faɗin inda nauyinka ya karkata.

Duk labarin nan laka ya ke fara shiga, watau farin abin nan da ke cikin ƙashin baya. A nan ya kan rabu biyu. Reshe ɗaya ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, ɗayan kuwa nan take ya sadu da jijiyar da ke kai wa tsoka umurni. In gobara ta tashi a unguwa, mai unguwa ba ya aika wa hakimi ya zauna jiran amsa kafin a ɗebo ruwa. Ya kan sa a kashe wuta, manzo kuma na kan hanya. To, laka ita ce mai unguwa. Sa'ad da malam ya sari agarar gwiwa, tsokar gaban cinya ta ɗan miƙe, mazari ya kai ƙara, laka ta ce wa tsokar ta tsuke, ta kuma ce wa ta bayan cinya ta saki don kada su yi ja-in-ja. Saƙon na gudun fiye da mita 50 cikin sakan ɗaya, har tsokar ta fara amsawa kafin kashi ɗaya cikin 20 na sakan ya cika. Motsin da mutum ya yi da niyya bayan an taɓa shi ya kan ci ninkin wannan sau uku ko fiye. Likitoci biyu na Jamus, Erb da Westphal, su suka fara rubuta labarin tsallen gwiwan nan a 1875. Wani Bature na Ingila, Charles Sherrington, shi ya bi diddigin yadda laka ke tsuke wata tsoka ta saki kishiyarta, ya kuma raɗa wa wannan hanyar sani ta shida suna a 1906. An ba shi kyautar Nobel a 1932.

Kada ka ce wannan wasan likitoci ne kawai. In ka diro daga dutse gwiwarka ta fara lanƙwashewa, irin wannan zabura na cikin abin da ke tare ta. In gyangyaɗi ya ɗauke ka cikin aji kanka ya sunkuya, ka ji ya fizgo sama tun ba ka farka sosai ba, mazaran wuya ne suka kai ƙara. Mace ta ɗauko tulu daga rafi tana hira, ƙasa ba daidai ba, tulun bai faɗi ba, gyare-gyare ne ɗari da ɗari a ke yi a wuyanta da bayanta da idon sawunta, ita ba ta ma sani ba. In ka taka ƙaya kuma, fata ce ke kai ƙara, laka ta ɗage ƙafar da ta taka, ta kuma sandare ɗayar don ta ɗauki nauyinka, sa'an nan ka ji zafi ka ce wash.

Da malam ya gama wannan sai ya sa muka miƙe duka, kowa ya haɗa ƙafafunsa ya rufe ido. Muka ɗan yi lilo kaɗan, ba wanda ya faɗi. Ya ce tsayuwar mutum shari'a ce mai shaidu uku. Na fari ido, na biyu wani ma'auni da ke can cikin kunne mai faɗin karkatar kai, na uku 'yan rahoton nan na tsoka da fata. Alƙali, watau ƙwaƙwalwa, shaidu biyu sun ishe shi yanke hukunci. Saboda haka mai lafiya ya rufe ido ba ya faɗuwa, saura biyu. Amma wanda jijiyoyin saƙo na ƙafarsa suka mutu, da ma shaidu biyu suka rage masa. Da rana ya kan yi tafiya da ido. In duhu ya yi, ko ya runtse ido zai wanke fuska, saura shaida ɗaya, sai ya yi tangaɗi. Wani likitan Jamus mai suna Romberg ya bayyana wannan gwaji tun cikin shekarun 1840, har yau da sunansa a ke kiransa. Malam ya ƙara da cewa, "Jahili ya gan shi sai ya ce mashayi ne. Alhali mashayi ko idonsa biyu a buɗe tangaɗi ya ke yi, gama giya alƙalin ta ke bugarwa, ba shaidu kaɗai ba."

Wallahi ban san sa'ad da na zauna ba. Sauran darasin ban ji shi ba, buta kawai na ke gani tana kifewa a ƙofar gidanmu.

Daga baya na karanta labarin wani mutumin Ingila, Ian Waterman, wanda ya ke aikin fawa. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata cuta ta kashe masa jijiyoyin da ke kawo labarin taɓawa da na gaɓoɓi daga wuya har ƙasa, ta bar masa masu kai umurni lafiya lau. Ƙarfinsa na nan, amma ko zama ya kasa, don bai san inda hannunsa da ƙafarsa su ke ba sai ya duba. Da naci ya koya wa kansa tafiya da ido, kowane taki sai ya lissafa, in kuwa aka kashe fitila ba zato sai ya zube. A zamaninmu kuma wani masani haifaffen Labanan da ke aiki a Amurka, Ardem Patapoutian, shi da abokan aikinsa sun gano 'yar ƙofar da ke jikin 'yan rahoton nan, wadda ke buɗewa in an ja ta ko an danna ta, har saƙo ya tashi. Sun sa mata suna Piezo2, an kuwa ba shi kyautar Nobel a 2021. Akwai waɗanda a ke haifa ba ta aiki a jikinsu, su ma in an rufe musu ido ba su iya tafiya sosai.

Da aka ba da hutu ban tsaya ko'ina ba sai gida. Washegari da hantsi na sami Baffa a tsakar gida, na ce, "Baffa, ina so ka yi mini wani abu." Ya yi murmushi ya ce, "To, Malam, yau kuma ni ne ɗalibin?" Na ce ya miƙe ya haɗa ƙafafunsa. Ya tsaya cik. Na ce ya rufe ido. Ban gama ƙirga uku ba ya taho gaba ɗaya, na tare shi da ƙirjina. Da hantsi ne, ko koko bai sha ba tukuna. Na zaunar da shi na ce in ga ƙafarsa. A ƙarƙashin yatsan da ke bin babban yatsa na dama na tarar da rami, bakinsa ya yi baƙi, yana wari. Inna ta ce ƙusa ya taka a gona tun wata biyu, sai da ta ga jini a tabarma suka sani. Baffa ya ce, "Ai ba ya ciwo, warkewa ya ke yi." Hausawa sun ce jiki magayi. To, nasa jikin ya daina gaya masa.

Muka tafi wani babban asibiti a Kaduna. Likita ta ɗauko 'yar guduma ta roba ta buga gwiwarsa, ƙafar ta ɗan motsa da ƙyar. Ta buga agarar diddige, shiru. Ta kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora bisa ƙashin babban yatsa, ta ce, "Baba, kana jin rawarsa?" Ya ce a'a. Ta ɗora a hannunsa, ya ce, "Yanzu kam na ji." Ta sa ya rufe ido, ta kama babban yatsan tana ɗagawa tana saukewa, ta ce ya faɗi sama ne ko ƙasa, sai cinta ya ke yi. Ta dangwala masa wani ɗan zaren roba mai dannawa da nauyin giram 10 a tafin ƙafa, wuri bayan wuri, bai ji ba. Aka auna jini, aka ce ciwon sukari ne, ya kuwa daɗe a jikinsa.

Likita ta yi mana bayani, ta ce sukari in ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru ya kan lalata jijiyoyin saƙo, mafi tsawo kuwa su ke fara mutuwa, shi ya sa daga yatsun ƙafa abin ke somawa ya hau sama. Kusan rabin masu wannan ciwo su kan gamu da haka in an daɗe. Ta ce akwai waɗansu abubuwan da ke kawo irinsa, har da rashin wani sinadarin abinci da daɗewa ana shan giya, amma na Baffa ga dalilinsa a takardar jini. Abin da ya mutu da wuya ya komo, sai dai a tsare saura. Yatsan nan kuwa ciwon ya riga ya kai ƙashi, dole aka yanke shi. Ta tambayi yaushe abin ya fara, na ce shekara biyu. Ba ta ce kome ba, ta dai dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ta ba mu dokoki, na rubuta su a bangon littafina. Ya sha magani kullum, ya kiyaye abinci, mai zuma dai aka ce ya yi nesa da zuma. Kada ya taka ƙasa ba takalmi ko cikin ɗaki. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kowace yamma a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, tun da ido ne zai yi aikin da zafi ya bari. Kada ya miƙa ƙafa kusa da wuta da hunturu, kada ya tsoma ta cikin ruwan zafi sai an taɓa da hannu. Da dare ya riƙe tocila da sanda. Ta ce sandan ba don ya ɗauki nauyinsa kaɗai ba ne, hannunsa da ke da sauran ji zai riƙa samun labarin ƙasa ta jikin sandan. Na ce a raina, watau an samo wa alƙali wani shaida.

To, 'yan'uwana, me ya kawo wannan cikin mujallar masu koyon aikin malanta? Gobe za a rarraba mu ƙauyuka, wani Kufana, wani Idon, wani Kagoro, wani can bayan Kafanchan. A wurare da yawa malamin makaranta ne kaɗai ke kallon yaro sa'a biyar ko shida kowace rana. In ka ga yaro da ƙuna a hannu bai san sa'ad da ya ƙone ba, ko da wani tabo mai haske a fata wanda in an taɓa ba ya ji, ko alli na yawan suɓuce masa, kada ka ce sakarci ne. Kuturta ta kan fara haka. Wani likita Bature, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya nuna cewa yawancin gutsurewar yatsun kutare ba cutar ce ke cin nama ba, rashin jin zafi ne ke sa su yi ta jin rauni bisa rauni ba su sani ba. Yau ana warkar da kuturta, maganin kuwa kyauta ne, ga kuma cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye kusa da Zariya. In an kama ta da wuri ba yatsan da zai tafi.

In kuwa ka ga yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya ya yi laƙwas, a kai rahoto asibiti ran nan. Shan inna ita kuma ɗaya hanyar ta ke yankewa, watau mai fitar da umurni daga laka. Yaron na jin taɓawa sarai, amma tsoka ba ta amsawa, a buga gwiwa shiru. An ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, aka kuma tabbatar da Afirka ta rabu da ita ran 25 ga Agusta, 2020. Duk da haka ba a daina rigakafi da sa ido ba, domin akwai wani jinsinta da ke ɓulla inda yara ba su sami rigakafi sosai ba.

Kuma ba sai akwai cuta ba. Yaron da bulala ta sauka a tafinsa ya fizge hannu, aka ce taurin kai ne aka ƙara masa biyu, lakarsa aka hukunta, ita kuwa aikinta ta yi. Wanda rubutunsa ya ƙi daidaituwa, ko ya ke yawan tuntuɓe a fili, a bincika tukuna kafin a kira shi malalaci. Darasin kansa kuwa ba ya bukatar kayan aiki ko na kwabo. Ka sa yara su taɓa hanci ido rufe. Ka sa su sari gwiwar juna a hankali. Ka sa su tsaya da ƙafa ɗaya ido buɗe, sa'an nan ido rufe, su ƙirga su ga bambanci. Yaron da ya yi wannan da jikinsa ba zai manta ba, wata rana kuma in ya ga kakarsa na tangaɗi da dare zai duba ƙafarta kafin ya saurari gulma.

Ran da aka sallamo mu, muna cikin mota mun wuce Kujama, na ce, "Baffa, ka yafe mini. Daren nan na azumi na ji kiranka." Ya daɗe yana kallon waje, sa'an nan ya ce, "Na san ka ji, ɗana. Ai kunnenka lafiya lau ya ke, ƙafata ce ba ta ji." Ya dafa gwiwata ya ce ya yafe duniya da lahira. Na kai wa liman takardar asibiti na karanta masa, shi kuma ya yi wa jama'a bayani bayan sallar magariba, ya tuna musu zato zunubi ne. Waɗansu sun zo sun ba Baffa haƙuri, waɗansu har yau in sun hango shi sai su sake hanya. Ya bar hawan itace, amyoyin ƙanena ke dubawa, Baffa na ƙasa yana ba da umurni. In ladan ba ya nan shi ke kiran salla, hannu ɗaya a kunne ɗaya bisa sanda. In ina gida da hutu ni ke riƙe masa tocila zuwa asuba, ina haska gabansa, ba na kuwa wuce shi ko da taki ɗaya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya sa mu zama malaman da ke dubawa kafin su yanke hukunci, amin.